Ranar da Mota Ta Daina Magana

Ku matso ku ji dalilin da ya sa mota take ɗigar da baƙin mai a inda ta tsaya, bakanike kuma ya wuni a ƙarƙashinta yana laluben inda ɗigon yake.

A da can ba haka abin yake ba. Mota tana magana da bakanikenta. In wani wuri ya fara tsatsa sai ta ce, "Duba nan, robar ta tsufa," ya canja, a sallami mai mota kafin shayinsa ya huce. Masu gyara har fararen kaya suke sawa.

To, akwai wani bakanike a Unguwar Tsamiya ana ce masa Cindo. Gwani ne, ba wanda ya musa, sai dai taurin kai kamar ya yi masa yawa. Yayansa Barau yana da akori-kura, ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Sai matar Cindo, Lantana, ta kwanta da ciwon ciki, aka ce lalle a kai ta asibitin birni a yi mata aiki, kuma tafiyar mai nisa ce ta cikin daji.

Tun da sassafe Cindo ya shiga ƙarƙashin motar ya juye tsohon mai, ya mayar da notin da ke toshe ƙasan inji ya ɗaure.

Mota ta ce, "Ya isa, Cindo. Ya kama."

Cindo bai saki sifana ba. Gani yake notin zai kwance a hanya da Lantana a ciki. Ya ce, "Bari dai in ƙara ɗan kaɗan."

"Na ce ya isa. A jikina yake, ina ji."

Barau ya leƙo ya ce, "Kai Cindo, ka ji abin da ta ce mana."

"Yaya, matata za ta ɗauka. Ni zan faɗi in ya isa."

Sai ya jawo bututun ƙarfe ya zura a hannun sifana, ya dafa ƙafa a taya, ya ja da iya ƙarfinsa. Aka ji ƙas! Haƙoran notin sun cinye. Mota ta yi wata ƙara, ta ce, "Ka fasa ni. Kada ku tafi haka."

Cindo ya shafa wurin, bai ji danshi ba, don ba a zuba sabon mai ba tukuna. Ya ce, "Raki ne kawai. Yi mana shiru!"

Ta kuwa yi shiru. Aka zuba sabon mai, aka shimfiɗa wa Lantana tabarma a baya, suka kama hanya.

Da inji ya ɗauki zafi mai ya tsinke, ya fara bin notin yana ɗiga. Suna tafe yana zuba, ba wanda ya waiwaya. Rana na tsaka, a inda babu gida babu rijiya, inji ya buga. Cindo ya diro ya ga baƙin layi ya miƙe a bayansu har inda ido ya ƙare.

Ya kwanta a ƙasa yana roƙo. "Faɗa mini abin da zan yi. Don Allah ki yi magana, na tuba." Ko uffan ba ta ce ba. Ya tsaga rigarsa ya naɗe notin, amma ina, babu sauran man da za a tare. Barau ya ruga neman taimako da ƙafa. Kafin ya dawo da amalanken shanu bayan la'asar, Lantana ta cika, kanta a kan cinyar mijinta.

Labari ya bazu cikin motoci, dukansu suka rufe baki. Cindo bai ƙara dariya ba. Ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin wannan akori-kura: ya wanke inji, ya barbaɗa toka ya ga inda za ta jiƙe, ya toshe nan, gobe can ya ɓalle. Har ya mutu yana tambayarta, ba ta amsa ba.

Shi ya sa har yau mota ba ta faɗin inda ke mata ciwo. Sai dai ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ka duba ɗigon, bakanike ya shiga ya yi ta nema da baƙaƙen kaya, ita kuwa tana ji tana kallonsa.