Na-Gane da Jan Maɓalli

Akwai wani mai shagon takalma da kowa a layinsu ya sani da Na-Gane. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, kuma Allah ya yi shi da son sanin yadda abubuwa ke aiki. In ya ga sabon abu sai ya juya shi sama da ƙasa, ya leƙa cikinsa, ya jero tambayoyi kamar wanda za a yi wa jarrabawa gobe. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jiran amsa ta kai ƙarshe. Da ka fara bayani ka kai rabi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane," ya ƙarasa sauran a cikin kansa. Wani lokaci ya dace, sau da yawa kuma ya kauce. Tun ana tsokanarsa da kalmar yana ɓata rai, har ta bi shi ya koma amsawa.

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, kiwon kaji take yi a bayan gida. Kajin ba irin na kasuwa ba ne. Na mahaifiyarta ne, Inna, wasu gajeru masu gashi har yatsu kamar an sa musu safa. Inna ta yi shekara da shekaru tana tsare irin, ko zakaran maƙwabta ba ta yarda ya tsallako mata katanga ba. Da ta rasu, 'yarta ta kwaso su ta ci gaba. Ba a jima ba annobar kaji ta shigo unguwa ta share akurkin tas. Abin da ya rage sai ƙwan da ta tsinta a kwanakin ƙarshe. Babu kazar da za ta kwanta musu, don haka ta samo injin ƙyanƙyasa, wani ɗan akwati mai gilashi a gaba da fitila a ciki, ta ajiye shi a ɗakin ajiya kusa da kicin. Da wutar lantarki yake aiki. In ƙwan nan suka huce suka daɗe, irin kajin Inna ya ƙare ke nan.

Wutar unguwar kuwa ba ta da alkawari. Abin da suke dogaro da shi wani ƙaramin janareto ne mai igiya, wanda 'yan biyunsu suka raɗa wa suna Mai Tari, don sai ya yi ta kakari kafin ya kama. Da an ɗauke wuta, Maman 'Yan Biyu za ta jawo shi tsakar gida, ta buɗe masa mai, ta taka shi da ƙafa ta finciki igiya. In za ta fita sai ta bar makulli wajen maƙwabciyarsu, Goggo Mai Ɗinki, wadda ita ma da irinsa take juya kekenta. Haka aka ci fiye da rabin kwanakin ƙwan, kafaɗarta na ciwo, hankalinta kullum yana ɗakin ajiya.

Na-Gane ya ga wahalar ta yi yawa, tausayinta ya kama shi. Ya rufe shago da rana tsaka ya tafi inda ake sayar da janareto. Nan fa ya sami abin kallo. Ya shafa wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, har ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin wani babba mai kama da akwatin ƙarfe.

"Wannan fa, ina igiyarsa?" ya tambayi mai shagon.

"Ba shi da igiya, Malam. Wannan na girke ne. Wuri ɗaya ake kafa shi, a haɗa shi da wayar gida. Da an ɗauke wuta shi zai ta da kansa."

"Ikon Allah. To ta yaya yake sanin an ɗauke? Ido gare shi?"

Mai shagon ya yi dariya. "Akwai wani ɗan akwati da ke gadin layin. Amma bari in tambaye ka tukuna. In an ɗauke wuta, wa ke gida? Kuma mene ne a gidan da ba ka so ya mutu ko kaɗan? Shi ƙarami ka ga ana ɗaukarsa duk inda ake so, gyaransa ba wuya, sai dai yana buƙatar mutum a kusa. Babban ba ya jiran kowa, amma shi ma yana da tasa ɗabi'ar da ya kamata mai gida ya sani, domin..."

"Na gane, na gane. Ɗaya sai da mutum, ɗaya ba ruwansa da mutum. Babban nake so."

A gaskiya zaɓin bai yi laifi ba. Gidan da ke da ƙwai a inji, masu gidan kuma suna fita, babban ne ya dace da shi. Sai dai mai shagon bai ƙarasa maganarsa ba, shi kuma bai koma ya ji ba.

Aka zuba siminti a bayan tagar ɗakin kwana, aka girke janareton. Mai haɗa wuta ya gama aikinsa, ya buɗe wani ɗan murfi a gefe ya nuna maɓallai biyu.

"Maigida, ka ga koren nan? Shi ne gadi. In dai yana kansa, injin na jiran a ɗauke wuta. Jan nan kuma na kashewa ne. Sannan kada ku yi mamaki, sau ɗaya a mako za ku ji ya..."

"Ya tashi da kansa. Na gane, ai don haka na saye shi."

Mai haɗin ya buɗe baki zai ci gaba, amma Na-Gane ya riga ya zagaya ɗaya gefen yana tambayar ta ina hayaƙi ke fita. Mutumin yana da wani aiki a gabansa, sai ya tattara kayansa ya yi sallama.

Da yamma aka ɗauke wuta. Kafin Maman 'Yan Biyu ta miƙe daga kujera, injin ya yi gurnani a hankali, fitilu suka dawo. Ta tsaya turus, sannan ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Na-Gane ya ji kansa ya yi girma. Washegari ya ɗora Mai Tari a baro zai kai wa abokinsa wanzami kyauta.

"Baban 'Yan Biyu, a bar shi a kusurwa mana," in ji matarsa. "Ai ba abinci yake ci ba."

"Me za mu yi da tsohon tari bayan ga likita ya zo gida?"

A ƙofa ya ci karo da Goggo Mai Ɗinki, ya tsaya ya ba ta labari har da ƙari. "Goggo, kin huta da zuwa jan igiya. Wannan ba a taɓa shi, ba a kallonsa. Ƙara kuwa, ko a gindinsa kika tsaya ba za ki ji ba."

Goggo ta ce, "To madalla, ɗana. Zamani ke nan."

Bayan 'yan kwanaki ranar ziyara ta zo a makarantar kwana da 'yan biyun suke, a wani gari. Da sassafe Maman 'Yan Biyu ta shiga ɗakin ajiya, sai ga ta ta leƙo tana yafito mijinta da hannu. Ya zo ya kara kunne a jikin gilashin. Can ciki ya ji wani siririn kuka, tsiu-tsiu, daga ƙwan da ko tsagewa ba su yi ba.

"Kai! A cikin ɓawo? To da wace iska yake kukan?"

"Inna ta ce in sun kusa fitowa, sukan huda wani ɗan..."

"Na gane," ya ce, yana murmushi. Ita ma ta yi murmushi ta ƙyale shi, idonta ya kawo ruwa don murna.

Yana cikin saka takalmi sai ya ji gurnani a bayan taga. Ya ɗaga kai, ga fanka na juyawa, ga fitilar mita a kunne. Wuta na nan lafiya lau, amma janareto ya tashi. Abin ya ɗaure masa kai. Ya fita ya zagaya shi, ya kara kunne, ya shinshina, ya tsuguna ya leƙa ƙasa ko ɓera ne ya ci waya. Nan take ya haɗa wa kansa bayani. Injin ya rikice ne, in aka bar shi haka zai wuni yana shan mai, lokacin da za a ɗauke wuta kuma tanki ya bushe, ƙwai su huce. Ya buɗe murfin nan ya danna ja. Injin ya yi shiru. Ya tsaya ya jira ko zai sake tashi, bai tashi ba. Ya rufe murfi ya kaɗe hannu, yana jin daɗin ya ceci ƙwan matarsa.

"Me ya same shi?" ta tambaya daga ƙofar kicin.

"Ɗan ruɗewa ne. Na gane matsalar, na gyara."

"Da ka kira mai haɗin ka ji ta bakinsa."

"A kan wannan ɗan abin? Mota za ta tafi ta bar mu."

Ta ɗauki makulli za ta miƙa wa Goggo, ya ce haba, ai an wuce wannan wajen, a bar tsohuwa ta huta. Ta dubi ƙofar ɗakin ajiya, sannan ta jefa makullin a jaka.

Sun ga yara, an sha hira, an ba su tsaraba. Suna shirin juyowa hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa da iska mai ƙarfi, har ruwa ya shafe gadar da ke kan hanya. Direbobi suka ce babu mai tsallakawa sai gobe. Dole suka sauka gidan yayar Na-Gane da ke garin. Hankalin Maman 'Yan Biyu ya ƙi kwanciya, ta kira Goggo a waya.

"An ɗauke tun azahar, 'yata," in ji Goggo. "An ce iska ta ka da turakun wuta. Amma ku ai ba ku da damuwa."

"Kina jin ƙararsa, Goggo?"

"Ina fa zan ji? Ai maigidanki ya ce ba a jin sa."

Na-Gane na gefe yana shan shayi. Ya ce, "Kin ji ko? Kwantar da hankalinki."

Sai washegari da rana suka iso gida. Tun daga ƙofa Na-Gane ya ji gidan ya yi tsit, ga ruwan firiji ya malalo har falo. Maman 'Yan Biyu ba ta ko ajiye jaka ba ta wuce ɗakin ajiya. Fitilar injin a mace. Ta dafa gilashin, sanyi ƙalau. A ciki wasu ƙwan sun tsage, ga ɗan baki ya leƙo ta huda, amma ba ya motsi. Ta kara kunne ta daɗe.

Na-Gane ya ruga baya ya buɗe murfi. Ya danna kore. Kafin ya janye yatsa injin ya kama, fitilun gida suka haska. Tanki cike yake da mai. Babu abin da ya sami injin.

Ya kira mai haɗa wuta ya gaya masa abin da ya faru, ya tambaye shi dalili.

"Ayya, maigida. Ai shi ne abin da na so in gaya maka ranar. Sau ɗaya a mako yakan tashi ya gwada kansa ko da akwai wuta, don kada ya daskare. Ɗan lokaci kaɗan yake yi ya mutu da kansa. Da ka bar shi, kafin ka gama ɗaure takalmi ya yi shiru. Shi kuma ja ba tsayar da shi kawai yake yi ba, sallamarsa yake yi daga gadi gaba ɗaya. In ba an mayar da shi kore ba, ko shekara za a yi babu wuta ba zai motsa ba."

Mutumin ya yi ta bayani har ya ƙare, ya ji shiru, ya ce, "Kana ji na kuwa?"

"Ina ji," in ji Na-Gane. "Akwai saura?"

"Babu, shi ke nan."

Suka bar injin ƙyanƙyasar a kunne har kwanakin ƙwan suka wuce, ko Allah zai sa wani ya farfaɗo. Na-Gane bai buɗe shago ba, yana zaune a kan buhu a ɗakin ajiya, kunnensa a jikin gilashi. Bai ji komai ba. Daga ƙarshe Maman 'Yan Biyu ta kashe injin da hannunta, ta ɗauko ƙwai ɗaya ta ɓare shi a hankali a tafinta. Ɗan tsako ne cikakke, idonsa a rufe. Ta miƙar da 'yar ƙafarsa da yatsa, ga gashin nan kwance har yatsu.

"Ka ga safar kajin Inna," ta ce.

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi masa sauƙi.  Ta dube shi ta ce, "Da Goggo na da makulli, da ta shiga ta duba. Da Mai Tari na kusurwa, da ta ja igiya. Ko ɗaya ba ka bar mini ba, Baban 'Yan Biyu."

Ya buɗe baki, kalmar da ya saba ta zo masa har kan harshe. Ya haɗiye ta. Ya je ya ɗauko fartanya, suka haƙa rami a cikin akurkin da babu ko kaza ɗaya, suka jera ƙwan a ciki.

Darasin wannan labari shi ne, tambaya ba ta da amfani in mai yin ta ba zai tsaya ya ji amsa har ƙarshe ba. Rabin bayani ya fi rashin sani haɗari, domin wanda bai sani ba yakan ji tsoro ya nemi taimako, mai rabin sani kuwa hannu yake sawa. Duk wanda zai zaɓi janareto, ƙarami ko na girke, ya sani kowanne yana da abin da yake nema a wajen mai shi. Ƙaramin yana neman mutum a kusa, babban kuma yana neman a fahimci ɗabi'arsa. Ka bar mai bayani ya kai aya, ka sake tambaya in ba ka gane ba, kuma kada murnar sabon abu ta sa ka kori tsohon da maƙwabcin da suke rufa maka asiri.