Baƙar Ƙasar da Alhaji Mode Ya Kankare

Akwai wani dillalin shanu a Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato, ana kiransa Alhaji Mode. Mutum ne mai ido a kan dabba. In ya dubi sa sau ɗaya a kara, wato kasuwar shanu, zai faɗa maka nauyinsa, kuma da wuya mahauci ya ƙaryata shi. Wannan baiwar ce ta sa ya ɗauka babu sana'ar da za ta shige masa duhu.

Wata shekara ya sayi gonar fadama a bayan Dundaye, ya ce shi ma zai noma shinkafa. Gonar tana da ɗan tudu nan, ɗan kwari can, abin bai yi masa ba. Sai ya ɗauko hayar katafila, ya ce a kankare masa ita ta koma sumul kamar faranti.

Maƙwabcinsa na gona wani dattijo ne, Malam Sa'ad, wanda ya haura shekara arba'in yana dashen shinkafa a wurin. Da ya ji rurin injin sai ya ajiye fartanya ya tako bakin iyaka.

"Alhaji, sannu da aiki," in ji dattijon. "Wagga baƙar ƙasa da aka kankarewa, ai ita ta gonar. In ka bari anka kwashe ta, abin da ka saya ya tahi."

Alhaji Mode ya yi dariya. "Baba, noman zamani na zo yi, ba irin naku na kaka da kakanni ba. Taki na nan gida buhu-buhu."

Direban katafila ya tambayi inda zai tura ƙasar. Alhaji ya nuna wata kusurwa a gonar Malam Sa'ad, ko izini bai nema ba. Kafin azahar an tara tulin baƙar ƙasa a can, an bar masa tasa gonar fara fat. Dattijon ya dubi tulin, ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya koma bakin aikinsa.

Shekarar farko aka yi dashe, shinkafa ta ƙi tashi. Ganyen ya yi rawaya, tsawonta bai wuce gwiwa ba. Alhaji ya sa aka watsa takin zamani. Ta yi kore na kwana goma, ta koma gidan jiya. Ya ce irin ne ba shi da kyau.

Shekara ta biyu ya sauya iri, ya sayi sabon injin ban ruwa, ya kori 'yan ƙwadagonsa ya ɗauko wasu. Abin da aka girbe bai kai na bara ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, taku biyu daga iyakarsa shinkafar Malam Sa'ad ta kai ƙirji, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Ruwa ɗaya suke sha, rana ɗaya ke dukansu.

A kara kuwa abokan sana'a suka samu abin yi. Da ya sauko daga mota sai wani ya ce, "Manomi ya iso. Alhaji, yaushe za mu ci tuwon sabuwar shinkafa?" Sai ya haɗiye fushinsa, ya wuce. A gida ya zama kamar garwashi, har matarsa Kulu ta daina dafa shinkafa in yana nan.

A shekara ta uku, da shukar ta sake yin rawaya, wani ɗan ƙwadago ya ce masa ai wannan ba banza ba, wataƙila tsohon nan ya binne wani abu a gonar don haushin tulin da aka zuba masa. Alhaji bai tsaya bincike ba. Dama neman wanda zai ɗora wa yake.

Ya kai ƙara wurin hakimin ƙauyen. Aka kira Malam Sa'ad a gaban jama'a, mutumin da ke sahun farko a masallaci, aka ce ana zarginsa da yi wa gonar maƙwabci asiri. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai san zancen ba. Hakimi ya ce Alhaji ya dawo da hujja bayan mako biyu.

Kulu ce ta buga wa Khairiyya waya ta gaya mata. Khairiyya ƙanwar Alhaji ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aikin binciken ƙasar noma a wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin gari. Tun farko ta so ta duba gonar, ya ce mata noma ba a takarda ake yinsa ba.

Washegari ta zo gidan. "Yaya, ka ba ni kwana goma kahin ka koma wurin hakimi. In ban nuna maka komi ba, ka yi abin da ka ga dama."

"Je ki yi," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Ta je fadamar, ta tumɓuke shinkafa daga gonarsa. Ta gaida Malam Sa'ad, ta roƙi izini, ta tumɓuke daga tasa. Saiwar ta dattijon doguwa ce, cunkus, baƙar ƙasa ta manne mata. Ta yayanta kuwa gajera ce, ƙasar jikinta kamar ta tukunya.

Bayan mako guda ta kira shi wurin aikinta. Ta ajiye masa 'yan faranta biyu na gilashi masu murfi. Ɗaya ya cika da ɗigo-ɗigo, fari da rawaya da ruwan madara. Ɗayan, ɗigo huɗu ko biyar ne a warwatse.

"Na wanke ƙasar da ke jikin saiwar kowace gona, na zuba ruwan a farantan nan daidai wa daida," in ji ta. "Kowane ɗigo da kake gani tarin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Wanga mai cika na Malam Sa'ad ne. Wanga naka."

Alhaji ya gyara tsayuwa. "To ai ga ta nan. Gonarshi cike da ƙwayoyin cuta, su ne ke ƙetarowa su kashe min tawa. Wane magani za a fesa?"

Khairiyya ta dafe kai. "Yaya, ba duka ne na cuta ba. Waɗanga ma'aikata ne. Suna zama kewaye da saiwar shinkafa, suna shan wani ruwa-ruwa da take fitarwa. Su kuma su narka mata abincin da ke daskare cikin ƙasa, wasu su kamo mata sinadari daga iska, wasu su tare mata cuta. Gidansu ita ce baƙar ƙasar sama. Wa ya kwashe ta daga gonarka?"

Ya sake duban farantinsa.

"Babu wanda ya binne maka komi," ta ce. "Kai ka tone."

Can ya ce, "To a kasuwa nawa ake sayar da su? In sayo a zuba."

"Akwai waɗanda ake sayarwa a leda, amma in ka zuba su inda ba abinci, mutuwa za su yi. Sai ka gina musu gida. Kashin shanu, karan shinkafa da kake ƙonewa bayan girbi, da buntun da ke fita wurin casa. Kuma sai ka jira shekaru."

Alhaji ya daɗe a cikin mota bai tayar da ita ba. Shekara talatin yana tsallake kashin shanu a kara yana toshe hanci.

Ranar da hakimi ya sa, ya je. Maganar ta yi masa nauyi, amma ya faɗe ta a gaban kowa: shi ya yi kuskure, dattijo ba shi da laifi, yana neman gafara.

Malam Sa'ad ya ce, "Na yahe, duniya da lahira. Tulin da kuka zuba min, rabi na baje cikin gonata tunda wurina ya tare. Rabi na nan ban taɓa ba. Naka ne, ka aiko a kwasa."

Rabin abin da katafila ta ture kafin azahar, rani biyu aka yi ana maido shi da amalanke, kuma da aka baje bai rufe ko kashi ɗaya cikin uku na gonar ba. Alhaji ya riƙa jigilar taki daga kara. Ya hana a ƙona karan shinkafa, aka riƙa binne shi ya ruɓe. Kowace shekara Khairiyya takan zo ta ɗauki saiwa ta gwada, shi kuma ya kira ta a waya.

"Har yanzu?"

"Ma'aikatan sun ƙaru, Yaya, amma har yanzu da saura."

Sai ya kashe wayar ya yi tsaki. Sau biyu yana cewa zai sayar da gonar, Kulu tana ba shi baki.

A shekara ta bakwai ne shinkafar ta kai masa ƙugu. Ba ta kamo ta maƙwabci ba, amma ta ciyar da gida. Sai dai Malam Sa'ad bai ga wannan girbin ba, Allah ya yi masa rasuwa da damina.

Alhaji ya ɗauki buhun farko ya kai wa matar marigayin, Inna Dije. Ya durƙusa a zaure ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ina fata dai Baba bai tahi da ni a rai ba."

Tsohuwar ta ce, "Ya yahe maka tun rannan, Alhaji, ban taɓa jin ya ambace ka da sharri ba. Amma tun ranar da anka kira shi gaban hakimi, bai sake zama majalisar ƙohar masallaci ba. Da an sallame yake shigowa gida. Ya ce in mutane sunka dube shi, bai san abin da suke tunawa ba."

Alhaji Mode ya miƙe. Ya ajiye buhun a gefen zaure, ya fita.

Darasi: Ba duk abin da ke riƙe da kai ne idonka yake gani ba, don haka kada gwaninta a sana'a ɗaya ta hana ka sauraren wanda ya riga ka sanin wata. In abu ya lalace a hannunka, fara bincikar kanka kafin ka nuna wani da yatsa. Ƙasa da mutuncin mutum duk a wuni ɗaya ake kankare su, ƙasa takan dawo bayan shekaru, mutunci kuwa ba kullum ba. Ku tura wa 'yan uwa manoma da ma waɗanda ba manoma ba, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya zargi maƙwabcinsa.