Mai Fassarar da Ya Ƙara wa Ɗan Takara Magana

Ya 'yan uwa, a cikin garin nan namu na Jos an yi wani mutum. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma yana da 'ya'ya. Ma'aikacin wani gidan rediyo ne. Allah ya ba shi murya, ya ba shi Turanci, ya ba shi Hausa mai daɗin ji. Aikinsa shi ne idan manya sun yi jawabi da Turanci, ya mayar wa talakawa da Hausa a labaran yamma. Masu tsaga itace a kasuwar Katako har inji suke kashewa idan ya fara magana.

Sai lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ya zo. Kun san yadda gidajen labarai suke komawa a irin wannan lokaci. Kowane gida da nasa gwanin. Ba a maganar ruwa, ba a maganar asibiti, sai wa ya cika fili, wa ya zagi wa. Da farko abin yana damun mutumin nan. Ya taɓa zuwa Naraguta ya ɗauko muryar manoma suna tambayar 'yan takara batun taki, ogansa ya ce babu fili. Tun daga ranar zuciyarsa ta yi sanyi da aikin.

Ana nan sai wani jigon jam'iyya ya kira shi ofishinsa, ya ce masa, "Idan muka ci zaɓe, kai ne kakakinmu a jihar nan. Ba mu ce ka yi ƙarya ba. Gishiri kawai za ka ɗan ƙara."

Ya koma gida yana ta juya maganar. Shekara goma sha bakwai yana kujera ɗaya, waɗanda ya koya wa aiki sun wuce shi. Ya ce wa kansa, ai kowa ma yi yake.

Da ɗan takarar ɗaya ɓangaren ya zo Jos, ya yi jawabi da Turanci, ya ce zai gyara kasuwanni ya faɗaɗa su. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma da yamma mutumin nan ya zauna gaban makirfo, ya ce ɗan takara ya yi alkawarin ƙwace kasuwanni daga hannun waɗanda ake wa kallon baƙi a Jos ya mayar wa 'yan asalin garin.

Ya 'yan uwa, akwai wanda bai san nauyin wannan magana a garin nan ba? Akwai wanda bai binne wani nasa saboda irinta ba?

Sauran gidajen labarai suka ɗauka daga bakinsa. Babu ɗaya da ya koma ya saurari ainihin jawabin. Kafin gari ya waye muryarsa ta shiga kowace waya.

Akwai wani mai keke napep, Datong, Kirista ne mazaunin Kabong. Tare suka yi firamare da mutumin nan, kuma shi yake kai shi wurin aiki kullum da safe. Hoton wancan ɗan takara yana manne a bayan kekensa. Kwana biyu da yin labarin, wasu matasa suka tare shi da rana tsaka, suka ƙona keken, suka yi masa dukan da bai tashi ba. A asibiti ya cika.

Mutumin nan ya je gaisuwa. Matar mamacin, Firisila, ta karɓe shi da mutunci, ta sa aka kawo masa kujera. Ta ce, "Oga, shi ma ya ji labarin. Ransa ya ɓaci da ɗan takarar. Ya ce tunda kai ka faɗa, gaskiya ne. Ya ce ran Asabar zai cire hoton."

Mutumin nan ya tashi ya fito.

Washegari ya roƙi ogansa ya bar shi ya gyara maganar a labarai. Oga ya ce sai bayan zaɓe. Sai mutumin nan ya ɗauki muryarsa a waya, ya ce shi ya ƙirƙiri maganar, ɗan takara bai faɗa ba. Kun san abin da ya faru? Mutanen unguwarsu suka ce an saye shi. Dangin Datong suka ce ashe kai ka kashe shi. Gidan rediyon ya sallame shi. Jigon jam'iyyar ya daina ɗaga wayarsa tun kafin a jefa ƙuri'a. Matarsa Kubra ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, saboda jifan da ake yi wa rufinsu.

Yanzu yana zaune a ɗaki ɗaya a gidan ƙaninsa. Ba ya iya sauraren rediyo. Bara ya zo wurina yana kuka, ya ce, "Malam, na ji ana maimaita maganar a mota, na ce ni na ƙaga ta, suka ce in yi musu shiru. Ta yaya zan dawo da ita?"

Na ce masa ƙofar tuba a buɗe take, kuma ba a ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Amma haƙƙin rai ba a bakina yake ba. Datong yana kabari. 'Ya'yansa uku sun bar makaranta. Maganar kuwa tana nan tana yawo, kuma zaɓe mai zuwa za a sake tono ta.

Ya 'yan uwa, labari amana ne. Wanda aka ba makirfo ko alƙalami, shaida ne, za a tambaye shi kowace kalma. Kuma kada mu ce laifin 'yan jarida ne kaɗai. Wa ya tura muryar nan daga waya zuwa waya? Wa ya tsaya ya bincika? A cikin masallacin nan akwai waɗanda suka tura ta, kuma har yau ba su san sun sa hannu a jinin mutum ba.

Allah ya kiyaye harsunanmu da yatsunmu daga abin da ba za mu iya dawo da shi ba. Allah kada ka tashe mu da jinin kowa a wuyanmu. Amin.