Ƙusoshi Huɗu Na Birekar Kawu Dabo

Badaruddeen mai gyaran wuta ne a garin Gwarzo, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya aiki ba. Matsalarsa ɗaya ce, ji da kai. A ganinsa babu abin da ɗan Adam ya rufe wanda shi ba zai iya buɗewa ba. Idan aka ce masa abu ya lalace sai dai a sayi sabo, sai ya yi wani murmushi mai ban haushi, ya ce wannan maganar ragwaye ce.

Wanda ya koya masa aiki, Malam Haladu, ya sha yi masa faɗa a kan haka, musamman a kan bireka, wato na'urar nan da ke yanke wuta da kanta idan nauyi ya yi yawa ko waya ta haɗu. Yakan nuna masa yadda aka rufe kwansonta da ƙusoshi huɗu da aka daɓe kansu, babu inda sukundireba za ta kama. Yakan ce ba don mugunta aka yi haka ba. Duk ƙananan ƙarafan da ke ciki a jikin kwanson nan suke zaune, kowanne da gurbinsa, ƙusoshin kuwa su ke riƙe da kwanson daidai wa daida. In ya saki ko da kaurin farce ne, abin da ke ciki ya goce. Badaruddeen yakan ce to, amma a ransa cewa yake tsoho ya faye tsoro.

Yana da kawu a Garo ta ƙasar Kabo, Dabo, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Dabo makiyayi ne da shekaru suka zaunar. Bijimai biyu suka rage masa cikin garken da ya gada, ya rufe ido ya sayar da su, ya sayi injin niƙa mai aiki da lantarki, ya kafa a wani ɗaki a ƙofar gidansa. Da injin nan yake ciyar da mutum tara. Ba shi da wani abu bayansa, ko akuya.

Bayan kaka, lokacin da niƙa ya yi yawa, sai bireka ta fara faɗuwa. Da an ɗan jima ana aiki sai ka ji ƙas, wuta ta yanke, mata na zaune da kwanukansu suna tsaki. Dabo ya kira ɗan 'yar uwarsa a waya, shi kuwa ya hau babur ya zo.

Da Badaruddeen ya tsaya ya saurari injin, da ya ji yana gurnani kamar mai mura, da ya gane cewa ciwon a can yake, bireka aikinta kawai take yi. Ina! Ko kallon injin bai yi ba. Ya ciro bireka ya jujjuya ta, ya ce ita ce ta gaji. Dabo ya ce to a sayo sabuwa mana, ai Gwarzo ba nisa.

"Haba Kawu, ina tsaye za ka sayi sabuwa? Ba ni rabin awa."

Ya sa abin huda ya cinye kawunan ƙusoshin nan huɗu, kwanso ya rabu biyu. Ya hure ƙura, ya ɗan lanƙwasa wani siririn ƙarfe don kada ta riƙa saurin faɗuwa. Da ya zo mayarwa sai ya tuna ƙusoshin sun tafi ke nan. Ya zazzage jakarsa ya samo noti biyu na tsohuwar fanka. Sun fi ramin kauri, amma ya danna su da ƙarfin tsiya. Yana ɗaure na biyu ya ji wata 'yar ƙara, ya duba ya ga kwanson ya tsage daga gefe. Wallahi ya gani da idonsa. Maganar Malam Haladu ma ta zo masa. Amma Dabo na tsaye a kansa, ga mata suna kallo, sai ya ji kunyar ya ce ya ɓata. Ya naɗe tsagar da baƙin tef, ramuka biyu kuma ya bar su wayam.

Aka kunna, inji ya tashi, bireka ba ta sake faɗuwa ba. Dabo ya yi ta sa masa albarka, matarsa Asiya ta cika masa leda da gyaɗa. Badaruddeen ya koma Gwarzo yana ba abokansa labari a shago, har yana cewa a gaya wa Malam Haladu.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Ran nan da hantsi, ɗaki cike da buhunan masarar mutane, injin ya cije. Wannan shi ne lokacin da aka yi bireka dominsa, amma zafi da girgiza sun riga sun buɗa kwanson, ƙarfen ciki ya fita daga gurbinsa ya maƙale. Wuta ta ci gaba da kwarara. Tartsatsi ya fito ta tsagar nan, tef ya kama, ya zuba a kan buhuna. Dabo ya kai hannun dama zai fizge bireka, robar da ta narke ta manne masa a tafi. Da ƙyar maƙwabta suka janyo shi waje. Kafin a kashe wutar, inji da ɗaki da hatsin mutane duk sun tafi.

Badaruddeen ya je asibiti dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa yana sunkuyar da kai. Da aka tambaye shi abin da ya jawo gobarar, sai ya ce ƙila wuta ce aka kawo da ƙarfi. Dabo ya warke, amma yatsu uku sun ƙandare, hannun ba ya riƙe sanda balle fartanya.

Bayan wata biyu, da rana tsaka, Dabo ya shigo shagon Badaruddeen. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, bai rage komai ba cikin gaisuwa. Sannan ya sa hannun hagu a aljihu, ya ciro noti biyun nan, sun yi baƙi ƙirin, ya ajiye a kan tebur.

"Ga kayanka, na tsince su a cikin toka. Su kaɗai ne ba su ƙone ba. Malam Haladu ya duba ya gaya mini komai." Ya ɗago ya dube shi. "Ba injin ne ya fi ci mini rai ba, Badaru. Ka ga ta tsage, ina tsaye kusa da kai, ka rufe ka bar ni ina sa maka albarka."

Baƙin ciki da kunya suka rufe Badaruddeen, ya ji ya tsani hannuwansa. Dabo ya juya ya fita, ya ƙi yarda a kai shi tasha a babur. Har yau idan sun haɗu a wurin biki ko jana'iza yakan amsa gaisuwarsa, amma bai ƙara kiransa Badaru ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Abin da aka yi don tsare rai da dukiya ba wurin gwada gwaninta ba ne, kuma wanda ya ƙera shi ya rufe yana da dalilinsa ko da kai ba ka sani ba. Idan bireka na faɗuwa, a nemi abin da ke kayar da ita, in ta lalace a sake sabuwa. Mafi girma kuma, idan ka yi kuskure a aiki ka faɗa nan take. Kunyar minti ɗaya Badaruddeen ya guje wa, kawunsa ya biya da hannunsa da abincin gidansa.