Kurege Mai Tambaya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata shekara Malam Dila ya tara 'ya'yan namun daji a gindin tsamiya yana koya musu karatun daji: sawun maharbi, warin tarko, ganyen da ake ci da wanda ke kisa. Da kaka ta gabato, sai ya ce ran kasuwa mai zuwa akwai jarrabawa. Wanda ya ci, a ba shi tsaron rumbun gyaɗar Zaki. Wanda ya faɗi, a miƙa wa Kura ta yi masa ƙarin darasi.

Kowa ya san ƙarin darasin Kura. Ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Kurege ya ji maganar rumbu, yawunsa ya tsinke. To amma bita wuya gare ta, shi kuwa ba ya son wuya. Sai ya tarar da Bushiya da Zomo da Gafiya kowa ya dafe kai yana maimaita karatu.

Ya ce, “Kayya, ba haka ake bita ba. Maimaitawa ruwa ne a kwando. Ku zo in riƙa tambayarku kuna amsawa da ka. Ladana gyaɗa, soyayya.”

Suka yarda. Kullum da hantsi ya hau kututture, ya jefa tambaya, ya jefa gyaɗa a baki. Suna amsawa, shi yana ƙurus-ƙurus. In Zomo ya kuskure, Bushiya ta gyara. In Bushiya ta manta, Gafiya ta tuna mata. Shi dai ƙurus-ƙurus, ƙarar tauna ta cika masa kunne, ko amsa ɗaya bai ji ba. Sai ya haɗiye ya ce, “Madalla.”

Wata rana Bushiya ta ce, “Ɗan'uwa, sauko mu ma mu tambaye ka.”

Ya ce, “Ina kika taɓa ganin an yi wa wanzami aski a bainar jama'a? Ƙaro gyaɗa.”

Ranar jarrabawa ta zo. Kura na gefe tana hamma. Bushiya ta amsa, Zomo ya amsa, Gafiya ta amsa, kamar ana zare zare. Aka zo kan Kurege.

Malam Dila ya ce, “Yaya ake gane...”

Kurege ya karɓe, “...tarkon da aka binne a yashi.”

“Haka ne. To, yaya ake ganewa?”

 Kurege ya laluba kansa, ya tarar da tambayoyi fal, amsa babu ko ta magani. Kura ta miƙe tana lasar baki.

Kurege ya ce, “Allah gafarta Malam, tunda Inna Kura ce za ta koyar da ni, ta fara amsawa in ji.”

Ido ya koma kan Kura. Ta yi tari, ta dubi sama, ta ce amsar na bakinta yanzun nan. Dariya ta ɓarke. Kafin a gama dariya, Kurege ya faɗa rami.

Ya tsira da ransa, amma makaranta ta haramta gare shi, don Kura ta tare a gindin tsamiyar. Aka ba Bushiya rumbu. Bayan kwana biyu ta zo bakin ramin, ta ajiye masa 'yar gyaɗa.

Ta ce, “Dabararka ce ta fishshe mu. Da ka sauko sau ɗaya, da kai ne a rumbun nan.”

 Can daga cikin rami Kurege ya ce, “Bushiya, wai yaya ake gane tarkon?”

Ta gaya masa. Ya saurara, bakinsa a rufe. Ashe amsar ba ta fi kalma huɗu ba.

Shi ya sa har gobe in kun ga kurege ya miƙe a kan ƙafa biyu ya kasa kunne, karatu yake saurare daga nesa.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa. Wanda zai ci gyaɗa a wurin bita, ya nemi dafaffiya, ita ba ta ƙara.