Kwalaben da Aka Ɓoye a Ƙasan Kwali

Akwai wata dattijuwa a garinmu, nan kusa da birnin Strumica, sunanta Stojanka. Shekara talatin da ɗaya ta yi a masana'antar ajvar, tattasan da muke gasawa mu niƙa mu dafa, mu ɗura a kwalabe don shafa wa burodi lokacin sanyi. Saura mata shekara biyu ta kai fansho. Shi kaɗai ta sa a gaba, don mijinta ya rasu, ƙafafunta kuma sun fara gajiya.

Tsoho Metodi, wanda ya kafa wurin, yana da wata al'ada. Duk wadda ta kawo masa kwalbar da ta lalace, sai ya zaunar da ita a ofis ya dafa mata gahawa da hannunsa. Ya ce, "Ni na sayo kayan nan, laifina ne. Nuna mini inda muka kuskure." Har tsokanar Stojanka ake yi wai don kwaɗayin gahawa take ƙure wa kwalabe ido.

Da tsohon ya rasu, ɗansa Zlatko ya hau kujerar. Yaro ne mai ilimi, ba zan rage masa ba, amma tun yana ƙarami ban taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba. Ya fitar da tukunyar gahawa, ya kafa allo a bakin ƙofa. Kowace kwalba aka sa mata lambar wadda ta rufe ta. Idan ta lalace, sunanki ya hau allo. Ya hau sau uku, ki kama hanyar gida.

Da kaka ta zo, Zlatko ya sayo murafe masu arha. Kafin mako biyu suka fara kumbura.

Dragica, aminiyar Stojanka tun 'yan matanci, ta ɗauki kwalba huɗu ta nufi ofis.

"Maigida, murafen nan iska ke shiga. Abin nan zai cutar da mutane."

Zlatko ya juya kwalaben ya duba ƙasansu. "Lambar wa nake gani?"

"Tawa ce. Amma na kowa haka suke."

"Huɗu ke nan, Gwaggo, kin ma wuce ukun. Hannu ne ya tsufa, kike ɗora wa murfi."

Ranar Dragica ta tuɓe rigar aiki. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Stojanka, ke zai ji maganarki. A bayanki ya yi wayo. Ki buɗe baki mana!"

Stojanka ta sunkuyar da kai. "'Yar'uwa, shekara biyu ta rage mini. In ya kore ni, wa zai ɗauke ni?"

Daga ranar mata suka gano dabara. Zlatko saman kwali kawai yake dubawa, sai suka riƙa jera masu kumburi a ƙasa, masu kyau a sama. Ba wadda ta koya wa wata. Allo ya koma fes, Zlatko har ya yi ta faɗi a gari cewa ya gyara abin da ubansa ya kasa. Stojanka kuwa kullum tana jera kwalabe zuciyarta na tafasa, amma ba ta daina ba.

A watan Janairu manyan motoci uku da suka kai ajvar ɗinmu Jamus suka dawo da kayansu. Mutum shida da suka ci a can sun kwanta asibiti, masu saye kuma sun ce ko kyauta ba sa so.

Zlatko ya tara kowa, idonsa jajir. "Wa ya ga murafen nan suna kumbura?"

Stojanka ta ɗaga hannu. Sai ta kusa da ita ma ta ɗaga. Kafin ya rufe baki, mata arba'in da uku hannu a sama.

"Dukanku? Kun gani kuka yi shiru? Kun kashe ni!"

Stojanka ta ce, "An faɗa maka, ɗana. Kwalba huɗu aka kawo maka har ofis. Duk muna tsaye muka ga abin da ka yi wa wadda ta kawo."

A watan Fabrairu aka garƙame ƙofa. Zlatko ya sayar da gidan ubansa ya bar gari. Wallahi ban ji tausayinsa ba, amma garin ya mutu tare da wurin. Masu noman tattasai sun rasa babban mai sayensu, matasa suna ta ficewa.

Stojanka ba ta kai fanshon ba. Yanzu tana tsinkar tattasai a gonakin mutane, Dragica kuma ko gaisuwarta ba ta amsawa. Kwanaki na tarar da ita a bakin gona na tambaye ta ko tana da-na-sani.

Ta goge hannu a zani ta ce, "Da na yi magana, da an kore ni a Satumba. Na yi shiru, aka kore ni a Fabrairu. Wata biyar na samu, a kansu na rasa Dragica."

Darasi: Shugaban da ba ya ɗaukar laifinsa yana koya wa mutanensa ɓoye nasu, kuma shi zai zama na ƙarshen sanin cewa wurin ya ruɓe. Idan kana da mutane a ƙarƙashinka, tambayi kanka yau: me ya sami na ƙarshe da ya kawo maka mummunan labari? Ku tura wa duk mai riƙe da ma'aikata, ko da mutum biyu ne.