Yadda Bushiya Ta Tsayar Da Yashi A Zaure

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku matso. A can tsakiyar hamada akwai wani dausayi mai idon ruwa guda ɗaya tak. Gwaggo Bushiya tana da ɗan lambunta a bakin ruwan. Dogayen dabinai sun kewaye wurin, suna tare iska. Bayan dabinan kuwa, wani ƙaton tudu ne kwance, ana ce masa Malam Yashi.

Maƙwabcin Bushiya shi ne Kurege, sarkin haɗama. Ran nan ya ce, "Gwaggo, dabinan nan sun cinye mana fili. Zan sare na gabas in dasa albasa."

Bushiya ta ce, "Ɗan nan, su ne ƙofar garin nan. Kada ka taɓa su."

Ina! Kurege ya sare layi guda. Albasa ta yi kai tula-tula. Sai ga murya daga gabas: "Salamu alaikum! Wa ya buɗe mini ƙofa?" Malam Yashi ya matso taki ɗaya.

Kurege ya ce, "Rabu da shi, tsoho ne, ba ya sauri." Ya sare layi na biyu. Yashi ya sake sallama, ya sake matsowa. Kurege ya sare na uku. Wannan karon ko sallama babu, Yashi ya zo ya zauna daram a kan albasar Kurege, ya miƙe ƙafa wajen idon ruwa.

Kurege ya ɗora hannu a ka. "Wayyo Gwaggo, na shiga uku!"

Bushiya ta san in Yashi ya binne ruwan nan, kowa ya tashi ke nan. Amma ta daure, ta gyara ɗaurin zani, ta je ta durƙusa.

"Malam, sannu da zuwa. Ina zuwa haka?"

"Ruwa zan sha."

"Haba Malam! Babba kamarka ya faɗa gidan mutane ba iso? Yara ma sai su yi maka dariya. Bari a yi maka zaure tukuna."

Kun san tsoho da son girma. Yashi ya ce, "Gaskiyarki."

Bushiya ta sa Kurege ya kwaso rassan dabinan da ya sare, yana haki yana gumi, suka kafa shinge, ta ce ga zaure nan. Yashi ya jingina, ya ji daɗi. A bayan shingen ta dasa 'ya'yan dabino, tana ba su ruwa safe da yamma.

Shekara ta kewayo, Yashi ya ce, "An yi iso?"

"Tukuna, Malam, ana shara."

Wata shekarar, "An yi iso?"

"Tukuna, ana shimfiɗa."

A ta uku ya leƙo, sai ya ga dabinai sun fi shi tsawo, ƙofa ta rufe ruf.

Shi ya sa har gobe in kuka je dausayi za ku ga ruwa a tsakiya, lambu a gefensa, sannan dabinai, sannan shinge, Yashi yana waje. Wancan shuuu da kuke ji in iska ta taso, shi ne yake tambaya ko an yi iso. Duk wanda ya sare dabino, shi ya amsa masa.

Ƙurunƙus kan kurege! Ba don haɗamarsa ba, da ban ba ku wannan ba.